Kabari Biyu Ko Babu

In ka shiga ofishin Anti Abeni ka ce fili kake so, ba za ta tambaye ka wa ya rasu ba tukuna. Takalminka za ta fara kalla. A wurinta, wanda aka yi wa mutuwa da gaske ba ya tsayawa goge takalmi. In ta ga naka na ƙyalli, to ta san mai kabarin na nan da ransa, wataƙila ma yana gida yana cin amala, bai san an zo cinikin makwancinsa ba.

Sana'arta kenan. Filin kabari take sayarwa a wata maƙabartar kuɗi da ke hanyar Akanran, bayan garin Ibadan. Ogansu ya hana a ce maƙabarta, wai lambu za a ce. Ka sayi fili, ka biya na kula, su kuma su riƙa yanke ciyawa, su wanke tayil, su sabunta fenti. Duk wata Anti Abeni ta ɗauki hoto ta tura wa 'ya'yan mamaci a Legas ko Landan, su turo ɗan hoton hannun addu'a, kowa ya koma harkarsa.

Kada wani ya zo yana ce min aikin marasa imani ne. Ku ji yadda ta shige shi tukuna.

'Yar unguwar Oje ce, a cikin Ibadan. Da ubanta ya rasu, a ƙofar gida aka binne shi, kamar uban kowa. A wurinmu kabari ne ke riƙe gida. In uba ya kwanta a ƙofa aka zuba siminti, gidan ya kafu, don ba mai son ya sayi gida ya riƙa tsallake uban wani kullum safiya. Sai kawunta ya samo wanda wannan bai dame shi ba, ya sayar masa da gidan. Yau shagon kayan janareta ne a wurin, uban nata na ƙarƙashin bencin da masu saye ke zama. Duk shekara takan je ta sayi filogi, ita da ba ta da janareta, don dai ta samu ta tsaya a wurin ta gaishe shi a zuci. Filogi sun cika mata gwangwanin madara.

Tun daga nan ba ta ƙara yarda da kowa ba. Mai nama ya yanka, sai ta juya tsokar ta duba ƙasa. Fasto ya ce a rufe ido a yi addu'a, nata ɗaya a buɗe yake kan jakarta.

To wata Laraba sai ga wani mutum ya shigo, ƙamshin turare ya riga shi isowa, takalmi kamar madubi. Ya ce sunansa Gbenro.

"Anti, sannu da aiki. Fili nake so."

"Na wa?"

"Na Baba."

"Allah ya ji ƙansa. Yaushe abin ya faru?"

Ya yi 'yar dariya. "A'a, yana nan lafiya lau. Shiri ne kawai."

"Shiri na da kyau. Mama fa?"

"Ta daɗe da rasuwa."

"Tana ina?"

"Tana gida."

"A ƙofa?"

"A ƙofa."

"To guda nawa kake so?"

"Ɗaya mana, Anti. Baba nawa gare ni?" Ya sunkuyo ya rage murya. "Sai dai kada ya ji. Kin san tsofaffi."

Ta san tsofaffi, amma ta fi sanin 'ya'yansu. Tun kafin ya rufe baki ta gama karanta shi. Mata na kwance a ƙofar gida, miji za a kawo nan shi kaɗai. Tsohon kabari guda, ana iya shafe shi da siminti a ɗora benci, ba wanda zai ce uffan. Amma in dattijon ya kwanta gefen matarsa, kabari biyu kenan, ɗaya sabo fil, ba dangin da za su bari a sayar. Gidan yake so, kuma hanyar da ya samo ita ce ya raba iyayensa.

Oga na jin su daga ɗakinsa, har ya fara tari irin na "rufe ciniki". Anti Abeni ta yi murmushi ta ce mai auna fili ya tafi biki Ogbomoso, sai mako mai zuwa. Ta karɓi adireshin gidan, wai don cike takarda.

Matsalar ita ce ba a zuwa gaban dattijo mai rai a ce masa an zo sayen kabarinsa. Kamar ka kira masa mutuwa ne, in ya yi atishawa bayan kwana biyu kai za a nuna. Don haka ta cire rigar kamfani, ta ɗaura zaninta na zuwa kasuwa, ta hau tasi zuwa unguwar Oke Ado a matsayin mai nema wa 'yarta ɗakin haya.

Ta tarar da Baba Akanmu zaune a kan kabarin matarsa, rediyo a cinya. Rabin simintin an shanya agushi. Gefen kabarin akwai fili daidai tsawon mutum, ba komai a kai sai 'yar shuwaka. Dogo ne ƙwarai, yana zaune amma ƙafafunsa sun kusa kai bakin kwata. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi, ta karanto zancen ɗaki. Ya saurare ta har ta gama, ya rage rediyo.

"'Yata, akwati kike sayarwa ko rami?"

"Baba?"

"Ni tela ne, na tsufa da tef a wuya. Na san idon mai awo. Mai neman ɗaki, ɗaki yake kallo. Ke tun da kika zo, daga kaina zuwa ƙafata kike hawa kina sauka."

Gaskiyarsa. Ramukan lambu iri biyu ne, akwai na kowa akwai na dogaye, kuma idonta ya saba, da ta ga mutum sai ya raba shi. Ba ta ma san tana yi ba.

"Rami ne, Baba," ta ce.

"Gbenro ne?"

Ta gyaɗa kai.

"Guda nawa ya ce?"

"Ɗaya."

Ta zaci zai tashi da faɗa. Sai ya kore wata kaza daga kan agushi, ya juyo ya kafe ta da ido.

"To ke me ya kawo ki? Dillali ba ya tona cinikinsa kyauta. Ko so kike in tsorata in sayi biyu?"

"Ban ce ku sayi komai ba."

"Ba ki ce ba tukuna. Mai lambun naku, ina ubansa yake kwance?"

"A garinsu."

"A lambu?"

"A ƙofar gidansu."

"Ka ji. Yana sayar wa mutane abin da bai ba ubansa ba. Naki uban fa?"

Ba ta yi niyya ba, amma ta ba shi labarin filogi. Ya ji, bai ce sannu ba. Ya ce ta gaishe da 'yar tata mai neman ɗaki, ya ƙara rediyo. Ta koma tana zagin kanta a tasi, ga ciniki ta ɓata, ga tsoho ya mayar da ita ɓarauniya.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, acaɓa ya ajiye shi a ƙofar lambu ba sanarwa. Ta fito da sauri za ta nuna masa gaba, inda ake kai baƙi, wurin furanni da tayil mai sheƙi.

"Nan na 'yan kallo ne," ya ce. "Kai ni baya."

"Baba, da nisa, ga ƙafarku."

"Ƙafata ce."

Suka bi layi suna tafiya. Tun ciyawa na idon sawu har ta kai gwiwa. Can ƙarshe, kusa da katanga, sai ka sa ƙafa ka laluba kafin ka san akwai kabari. Ya sa sanda ya buɗe ciyawa, ya karanta wani suna da fentinsa ya kusa gogewa.

"Waɗannan fa?"

Ta so ta ce injin yanka ne ya lalace. Ta dubi fuskarsa ta fasa.

"'Ya'yansu sun daina tambayar hoto."

"Wanda ake tambaya shi ake sharewa?"

"Haka Lasisi ke yi. Shi ne mai yankan ciyawa."

"Ke kuma ba ki sani ba."

"Na sani."

"Ashe ba mamaci kuke yi wa shara ba, waya kuke yi wa."

Ta ji maganar har cikin ƙashinta. Ita da ke zargin duniya, ga tsoho ya zo ya kama ta da rana tsaka, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Ya zauna a gindin wata bishiyar yazawa ya huta. Ya daɗe yana kallon wurin.

"Ji nan," ya ce. "Ba zan sayi komai ba. Gida zan koma in haƙa nawa gefen Iya Gbenro, kowa ya gani da idonsa. Amma na san abin da na haifa. Zai bari in huce, sannan ya sayar. Ranar nan wurinki zai zo neman inda zai mayar da ni, don yana ganin ke tasa ce. In ya zo, biyu za ki ba shi, manne da juna. Biyu ko babu."

"In ya ƙi fa?"

"Ke kika san sana'arki. Kuma ranar da za a haƙo mu ki tsaya a wurin da ƙafarki. Akwai duwatsun ado shuɗɗa a hannunta na hagu, ni na ɗaura mata ranar da aka sa ta. Zare zai ruɓe, dutse ba ya ruɓewa. In ba ki gan su ba, ba ita ba ce."

"Baba, me ya sa kuka yarda da ni?"

"Wa ya ce na yarda da ke? Wata ce ba ni da ita."

Haka kuwa ya yi. Ya cire shuwaka, ya kira magina suka haƙa rami na dogaye, suka jera bulo, suka rufe da murfin siminti. Ya gayyato 'yan cocinsu da fararen riguna suka yi waƙa, aka dafa shinkafa, duk unguwa ta ci ta shaida. Gbenro ya kira Anti Abeni a waya yana huci.

"Anti, ke kika je gidanmu?"

"Ɗaki na je nema."

"Kin samu?"

"Ya yi min tsawo."

Ya kashe waya. Oga ya daina amsa gaisuwarta, ya sa aka mayar da teburinta bakin ƙofar bayi. Ita kuwa ta sa Lasisi gaba sai da ya share layin baya, yana yi yana mita wai matattun da ba su da kowa ma yanzu sun samu uwa. Wasu filaye biyu manne da juna a gindin yazawar nan kuwa, ta ce wa Oga ruwa na kwanciya a wurin. Duk wanda ya nuna su, sai ta ɓata fuska ta ce ita dai ba za ta sa nata a can ba. Wurin kuwa ko damina ta yi damina, a bushe yake ƙayau.

Baba Akanmu ya ƙara ganin damina biyu ko uku, ya rasu yana barcin rana. Aka yi masa biki irin na wanda ya tsufa, anko da makaɗa da saniya, aka sa shi a raminsa gefen matarsa. Anti Abeni ta je, ta zauna can baya, tana kallon wasu mutum biyu da ba su sa anko ba, ba su kuma kalli akwati ba, faɗin gidan suke ta kallo.

Ba a daɗe da cire rumfar cikar shekara ba sai ga ƙamshin turaren nan a ofis.

"Anti, abin da ya wuce ya wuce. Fili nake so. Za mu dawo da Baba nan, inda za a kula da shi."

"Allah sarki. Guda nawa?"

"Ɗaya."

"Biyu gare ni."

"Na Mama ya tsufa, Anti. Me ya rage a ciki? Mai sayen ma ya ce sabon ne kawai ya dame shi."

"Biyu gare ni, manne da juna."

"Ai ba ku kaɗai ke da lambu a Ibadan ba."

"Ko kusa. Akwai wani a hanyar Iwo, in ba ka lambarsu? Amma tsaya, me ka ce wa dangi? Ɗaya za ka ɗauke ko biyu?"

Ya hau juya makullin mota a hannu.

"Don na san ƙanwar Baba da ke Molete," ta ce. "Mun zauna benci ɗaya ranar biki. Mace mai son hira."

Ya sayi biyu. Oga ya fito yana ta washe baki, har ya tambaya ko ba can ne ruwa ke kwanciya ba. Ta ce ya janye.

Ranar haƙa an ce mata ƙarfe tara, ta isa tun rana ba ta yi zafi ba. Duk da haka an riga ta. An zagaye ƙofar gidan da tamfol, ma'aikacin lafiya na zaune a motarsa da takardar izini yana cin ƙosai. Akwatin Baba na cikin mota. Gefensa ga wani ƙaramin sabon akwati, an riga an buga masa ƙusa.

"Mun gama, Anti," in ji Gbenro. "Mama ke nan. Mu tafi kafin hanya ta cushe."

Ta ɗaga tamfol ta leƙa. Ramin Baba a buɗe, zurfinsa ya shanye mutum. Na Mama an fasa simintin sama, an kwashe ƙasa, amma ramin ko cinyarta bai kai ba. Ta dubi masu haƙan su biyu, suna zaune suna shan ruwan leda, rigunansu ko gumi babu sosai. Ta nufi babban cikinsu.

"Babana, sannu da aiki. Me kuka gani a hannunta?"

"Hannun wa?"

"Mama."

Ya kalli Gbenro. "Ba komai."

"Ko ɗan dutse?"

"Ƙasa dai."

Ta koma mota ta ce a buɗe ƙaramin akwatin.

"Haba Anti, a buɗe uwata a titi? Ina aka taɓa yin haka?"

"To kar a buɗe. A ci gaba da haƙa."

"Mutane na jira. Mai gini zai kawo yashi yau."

Ta cire ɗankwali ta shimfiɗa a bakin ramin, ta zauna, ta zura ƙafafunta ciki. Ta ciro waya ta ɗora a cinya, ba ta kira kowa ba, ta dai bar sunan matar Molete a fuskar wayar yadda zai gani. Maƙwabta sun fara leƙe ta saman tamfol. Wata tsohuwa mai sayar da kifi ta ce, "Lafiya dai, Gbenro?" Ya ce lafiya lau, Mama. Ya juya ya yi wa masu haƙa alama da hannu.

Suka shiga. Rana ta hau, yanzu kam gumi ya zo. Ƙasar ta sauya daga ja zuwa baƙa, suka fara cin karo da ruɓaɓɓen katako. Babban ya ajiye shebur ya koma tonawa da hannu a hankali. Can ya tsaya, ya ɗago wani abu ya goge a wandonsa, ya miƙo mata. Ɗan dutse ne shuɗi mai huda a tsakiya. Ya sake miƙo wani, da wani.

Ta juya ta kalli Gbenro. "To me ke cikin wancan?"

Bai kalle ta ba. "Ƙasar kabarinta ce ai. Duk ɗaya ne."

Ta sa aka zare ƙusoshin, aka juye jar ƙasa da ɓaraguzan siminti a bakin kwata. Ta kwance mayafin da ke ƙugunta ta shimfiɗa a cikin akwatin. Duk abin da suka ɗago, sai ta karɓa da hannu biyu ta sa, ba ta bari an rufe ba sai da mai haƙan ya taɓo ƙasa mai tauri ya ce wallahi babu saura. Ko a nan sai da ta sauka da kanta ta laluba kusurwoyi, ta samo ƙarin dutse ɗaya. Ta zauna a bayan motar tsakanin akwatunan biyu har Akanran, don ba ta yarda da direban ba.

Suna nan yanzu a gindin yazawa, shi a na dogaye, ita a damansa, ba ko tafin hannu tsakaninsu. Gidan Oke Ado ya zama wurin wankin mota. Duk wata tana tura wa Gbenro hoto, bai taɓa buɗewa ba, ita kuma ba ta fasa ba. Lasisi na share layin baya, amma sai ta bi bayansa ta duba, don ta taɓa kama shi ya yanke daidai inda hoto ke ɗauka ya bar sauran.

Kwanan baya ta shiga ɗakin Oga da shayinsa, ta tambaye shi cikin wasa, shi in tasa ta zo, wane layi za a ajiye masa. Ya yi dariya ya ce Anti Abeni ba ki da dama. Ta tsaya tana jira. Ya ɗauki waya ya fara dannawa. Har yau bai ba ta amsa ba, ita kuma tun ranar, duk baƙon da ya zo wurinsa ya tsaya yana kallon katanga maimakon kabari, irin kallon mai son sayen wurin, sai ta bi shi har mota ta ga lambarta.